Abubakar Imam: Editan da Aku Ya Sha Gabansa

Ko'ina aka ambaci Alhaji Abubakar Imam a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne Magana Jari Ce. Wanda ya ɗan zurfafa ya ƙara da Ruwan Bagaja, ya tuno Malam Zurƙe, daga nan hira ta koma kan aku da waziri da 'ya'yan sarki. Littattafan sun cancanci wannan so. Amma wata shida aka ware wa Imam a Zariya don ya rubuta Magana Jari Ce, alhali kuwa shekara goma sha biyu ya yi a kan kujerar editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A ganina mun riƙe wata shidan nan da hannu biyu, mun saki shekara goma sha biyun, kuma a cikin abin da muka saki ne mafi yawan darajar mutumin take ga mai neman sanin yadda Arewa ta zama yadda take.

An haife shi a Kagara a 1911, cikin gidan malanta. Wansa shi ne Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki. Ya yi karatun allo da na littattafai a gida, ya shiga makarantar boko a Katsina, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fito a 1932 ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. A 1933 ofishin talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya sanya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar aka fitar daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na wansa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam yana ɗan shekara ashirin da biyu a lokacin. Wannan ce karramawarsa ta farko, kuma ita ce ta sauya masa hanya, domin East ya ga abin da ba a samu a kasuwa: saurayin da ya sha Larabci, ya iya Turanci, Hausa kuma tana yi masa biyayya.

A 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi sawun labaran ɗaya bayan ɗaya, ya nuna waɗanda suka fito daga Alfu Laila, da na Kalila wa Dimna, da na tatsuniyoyin Jamusawa. Wasu na jin wannan bincike kamar rage wa Imam daraja ne. Ni ban ga haka ba. Abin da binciken ya fito da shi fili shi ne ainihin gwanintar mutumin, wato ya ɗauki abin da ya faru a wata duniya mai nisa ya zuba shi cikin Hausa har ɗan ƙauye ya rantse a garinsu aka yi. Ita ce kuwa gwanintar da ɗan jarida ke bukata kafin kowace, kuma bayan shekara uku aka nemi ya yi amfani da ita a kan abin da ya fi tatsuniya nauyi.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Kada mu yi wa kanmu rufa-rufa game da asalinta: gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, don bukatar kanta. Guguwar yaƙi na tasowa a Turai, jita-jita ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus, jaridun Legas kuma suna shigowa Arewa da maganganun da Turawan mulki ba sa so a ji. Suna bukatar bakin da zai yi magana da talaka da harshensa. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na wannan shekarar, jaridar ta zama hanyar da mutanen Kano da Katsina da Sakkwato ke jin inda aka kwana, ta zama kuma igiyar da ke haɗa iyalai da 'ya'yansu sojoji da aka kai gabashin Afirka da Bama. Masu iya karatun boko kaɗan ne, amma kwafi ɗaya yakan zagaya unguwa: malamin makaranta ko akawun En'e ya zauna a zaure ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare suna tofa albarkacin bakinsu.

To me Imam ya yi da wannan kujera da ba shi ya kafa ta ba? Abu biyu nake ganin sun fi komai. Na farko, ya saba wa Hausa ɗaukar labarin yau. Kafin zamaninsa rubutun Hausa ya fi yawa a waƙa da wa'azi da wasiƙun sarakuna cikin ajami. Rubutun zube da zai bayyana wa manomi dalilin tashin farashin gishiri, ko yadda ake zaɓe a wata ƙasa, ko abin da jirgin ƙarƙashin ruwa yake, sai da aka zauna aka sassaƙa shi jimla bayan jimla. Salon da Hausar rediyo da ta jarida ke tafiya a kai har yau, mai gajerun jimloli da karin magana a inda ya dace da tambayar da ake jefa wa mai karatu, akwai hannun Imam da abokan aikinsa na Zariya dumu-dumu a ciki.

Na biyu, kuma wanda ya fi girma, ya buɗe ƙofar wasiƙu. A ƙasar da talaka ba ya ɗaga ido gaban hakimi, sai ga fili inda mutum zai rubuta kukansa a kan haraji, ko kan rashawar ma'aikatan En'e, ko kan halin makarantu da asibitoci, a buga shi, a karanta daga Argungu har Yola. Matasan da suka fito daga Kwalejin Katsina da makarantun midil, waɗanda daga baya suka zama shugabannin jam'iyyu masu gaba da juna, da yawansu a wannan fili suka fara gwada muryarsu. Wanda ke son ya san abin da ke damun ɗan Arewa a 1942 ko 1947, ba zai same shi a rahoton Razdan ba kamar yadda zai same shi a waɗannan shafuka. Shi ya sa nake cewa babban littafin tarihin da Imam ya bari bai ɗauke da kalmar tarihi a bangonsa ba. Tarin fitowar jaridar ne daga 1939 zuwa 1951.

Sai kuma tafiyar 1943, wadda har gobe ake jayayya a kanta. A wannan shekara aka gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su je su ga yadda ƙasar ke fama da yaƙi. Imam na cikinsu, Nnamdi Azikiwe ma haka. Azikiwe ya tsara takarda yana dogara da alƙawuran da Churchill da Roosevelt suka yi a 1941 na cewa kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓen irin mulkin da take so, ya nemi a shata hanyar ba da mulkin kai cikin shekara goma sha biyar. Imam ya ƙi sa hannu. Dalilinsa shi ne ba wanda ya wakilta shi ya yi wannan magana da yawun Arewa, kuma Arewa tana baya ƙwarai a ilimin boko, idan aka yi gaggawa za ta fita daga hannun wani ta faɗa hannun wani.

Masu ra'ayin sawaba sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa editan Gaskiya ɗan lelen Turawa ne, kuma ba za a ce ba su da abin kamawa ba. Gwamnati ke biyansa albashi, jaridarsa ba ta taɓa kiran a kori Bature ba, lambar girma ta OBE da ke bin sunansa kuma daga fadar Ingila ta zo. Wa'adin Azikiwe ma bai yi nisa da abin da ya auku ba, tun da an sami 'yancin kai a 1960. Amma a cikin wannan tafiyar dai Imam ya je ya sami Lugga, wanda ya kafa mulkin da ake yi ta hannun sarakuna, a lokacin yana tsoho ya yi ritaya, ya zayyana masa ɓarnar da tsarin nasa ke haifarwa. Daga baya ya bi da dogayen wasiƙu: cewa an bar masu sarauta ba mai ƙwaɓarsu, talaka ba shi da inda zai kai ƙara, matasa masu ilimi an mai da su 'yan kallo a ƙasarsu. Wannan fa shekara bakwai ke nan kafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a watan Agustan 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e, kuma kafin a kafa NEPU a Kano a cikin wannan watan. Hukuncina shi ne Imam ɗan gyara ne, ba ɗan juyin juya hali ba. Ya yarda a gyara gida daga ciki, a hankali, ba tare da an rushe katanga ba. Mutum na iya saɓa masa a kan wannan, ni ma ina ganin haƙurinsa da Turawa ya yi yawa a wasu wurare, amma ba adalci ba ne a ce bai ga zalunci ba ko bai faɗa ba. Ya faɗa, ga wanda ya gina tsarin, da sunansa a ƙarƙashin takarda.

Daga wannan tafiya littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito a 1944, kuma shi ne littafinsa da na fi so a mayar wa ɗalibai. A nan ɗan jarida da marubuci suka haɗu sosai. Bahaushe ne ya shiga jirgin ruwa ana tsakiyar yaƙi, ya je ƙasar masu mulkinsa ya dube su da idonsa, ya dawo ya ba mutanensa labari. Shekaru aru-aru baƙi ke zuwa suna rubuta mu, irin su Barth da Clapperton da suka shigo Kano suka zaga kasuwar Kurmi suka auna ganuwa. A wannan karon an juya, mu ne ke kallo muna rubutawa.

Sauran littattafansa na ilmantarwa suna da yawa, kuma ba duka ne suka kai waɗannan ba. Akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, akwai Ikon Allah da suka yi tare da East a kan halittu da kimiyya, akwai na Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya ya karkata ga tarihin Musulunci, ya rubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyidina Abubakar, da labarin aikin hajjinsa a Haji Mabuɗin Ilmi. A waɗannan Imam ba mai tono sabon abu ba ne kamar yadda Dokta Yusufu Bala Usman ya yi daga baya a kan tarihin Katsina. Mai isarwa ne. Ya ɗauko abin da ke cikin littattafan Larabci da malaman zaure suka sani, ya sa shi cikin Hausar boko mai sauƙi, a lokacin da iyaye da yawa ke tsoron boko zai raba 'ya'yansu da addini. Yaron da ya karanta tarihin Ma'aiki da baƙaƙen boko ya zama hujja a gaban mahaifinsa cewa baƙaƙen ba su da laifi. Wannan aiki ne babba, ko da masanan jami'a ba sa lissafa shi cikin bincike.

Ragowar rayuwarsa ta aiki za a iya taƙaita ta. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu a ƙarshen shekarun 1940. An zaɓe shi majalisa a 1951, amma siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi ba. Ya yi aiki da hukumar talifi ta NORLA, ya daɗe a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa har ya shugabance ta, ya kuma koma harkar littattafai da aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya a 1966. Nijeriya ta ba shi lambar CON, Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Zariya a watan Yunin 1981, Allah ya jiƙansa. Tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya shirya, ya fito a 1989, da Turanci. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa Hausa hidima, labarin kansa sai mai jin Turanci ke iya karantawa kai tsaye, kuma wannan abu yana damuna.

Hanyar da ya share ba ta mutu da shi ba. Malam Nuhu Bamalli, wanda shi ma ya yi aiki a gidan Gaskiya, ya rubuta Mungo Park Mabuɗin Kwara. Jaridun larduna na zamanin NORLA, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, sun kai labari kusa da gida. Alhaji Abubakar Dokaji ya ba Kanawa Kano Ta Dabo Cigari. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a 1980, wanda ya fitar da Albishir da kuma Alfijir ta ajami. A zamaninmu Ibrahim Sheme, ɗan jarida kuma marubucin da littafinsa 'Yartsana ya ci gasa, ya jagoranci aikin Shata Ikon Allah da ya fito a 2006, wanda ya nuna cewa ɗan jarida mai haƙurin bin tsofaffi da rikoda zai iya tsamo tarihin da ke shirin nutsewa.

Amma dubi rumfar mai sayar da littattafai a Kano ka ga tarihin wa ake rubutawa. Na sarakuna ne, da shehunan malamai, da 'yan siyasa, da attajirai, sai mawaƙa jefi-jefi. Ka fito daga birni ka nufi Panshekara, ka ratsa rukunin masana'antu na Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, ko ka zaga Sharaɗa, ko ka tsallaka Bompai wadda ta girme su tun zamanin Turawa. A nan ne aka yi ɗaya daga cikin manyan sauye-sauyen rayuwar Bakano a ƙarnin da ya wuce. Garin da aka sani da fatauci da rini da jima da dalar gyaɗa, tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya wayi gari da masaƙu da majemun zamani da injinan matse mai da kamfanonin roba da alewa da takalma. 'Ya'yan manoma daga Tamburawa da Zawaciki da ƙauyukan da suka fi su nisa suka koyi tashi da jiniya, suka koyi aikin dare da albashin wata da katin ƙungiyar ƙwadago. Unguwanni sukutum suka tsiro saboda su. Masu abinci da masu gidan haya da masu faci suka rayu a gefensu. Mutanen da ke bakin kogin Challawa da rafin Salanta kuma suka ga yadda ruwan majemu ya sauya musu ruwa da gonakin fadama.

Daga nan aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi wuya, atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari ta halal da ta fasa-ƙwauri. Kamfanoni da dama suka rage ma'aikata, wasu suka rufe, wasu gine-ginen suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga Sin. Akwai takardun jami'a da rahotannin ƙungiyar masu masana'antu a kan wannan, galibi da Turanci, cike da jadawali. Abin da nake nema shi ne littafin da tsohon ma'aikacin masaƙa zai buɗe ya ga ranar da aka ɗauke shi aiki, da yadda ake raba aiki tsakanin masu kaɗi da masu saƙa da masu rini, da yajin aikin da ya shiga, da ranar da aka liƙa takarda a bakin ƙofa, da shekarun da ya yi yana bin kuɗin sallama, duk da harshen da ya yi wannan rayuwa da shi.

Nan ne nake ganin aikin Imam yana da abin da zai gaya wa ɗan jaridar Kano na yau, fiye da yabon da ake yi masa a taruka. Bai jira ya zama farfesan tarihi ba. Yana da kujera, yana da masu karatu, ya bar su suka yi magana, ya ajiye maganar a takarda. Ya kuma san cewa abin da aka buga a jarida yau yakan ƙare a hannun mai ƙosai gobe, shi ya sa abin da ya ga zai yi amfani nan gaba, kamar tafiyar Ingila da labarin yaƙi, ya mai da shi littafi tun yana da ɗumi.

Yanzu aikin jaridar Hausa ya fi ƙarfi a rediyo da waya. Gidan rediyon Freedom, wanda ya fara aiki a 2003, a cikin Sharaɗa ma yake zaune, tsakiyar masana'antun. Kullum gidajen rediyon Kano na karɓar kiran mutane suna faɗin damuwarsu, kamar dai wasiƙun da ake aika wa Zariya a da, har ma sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne wasiƙar 1945 tana nan, mai bincike zai iya neman tsofaffin fitowar Gaskiya a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna ko ɗakunan karatun jami'o'i ya karanta. Muryar da aka watsa da safe kuwa, in ba an adana ta an rubuta ba, da rana ta tafi.

Wanda aka ɗauka aiki a masaƙa yana ɗan shekara ashirin a 1980 yanzu ya haura sittin. Irinsu suna nan a Panshekara da Sheka da Ɗanmaliki da Dakata, wasu na gadi, wasu na tuƙa adaidaita-sahu, wasu sun koma gona. Tsofaffin shugabannin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu suna da takardun taro da na yarjejeniya a akwatunansu, iyalan masu kamfanoni suna da hotuna, masu unguwanni sun san gonar wa aka karɓa aka gina wace masana'anta da nawa aka biya diyya. Shirin rediyo na mako-mako da zai bi waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, a naɗi muryarsu, a rubuta ta, a gwada maganar wannan da ta wancan da abin da ke cikin takarda, zai iya tara abin da ya isa littafi cikin shekara biyu, kuma ba ya bukatar kuɗin da ya wuce ƙarfin gidan rediyo ɗaya da sashen tarihi ko na harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero.